Kafin Ka Ɗaure Noti Ko Ɗaya: Fashin Baƙi Kan Haɗa Kwamfutar Manyan Ayyuka Karon Farko

Akwai kuskuren da mafi yawan masu haɗa kwamfuta karon farko suke tafkawa tun kafin su riƙe sukudireba. Mutum zai zauna ya jera kayan da suka fi tsada a kasuwa: furosesa (ƙwaƙwalwar injin) mai cibiya 64, wato ƙananan ma'aikata 64 a cikinsa, katin hoto mai nauyin bulo, RAM (ma'ajiyar wucin gadi ta aikin da ke gudana) har ya gaji da ƙirga. Sai kaya sun iso, an haɗa, an kunna, sannan ya tarar manhajar da yake aiki da ita kullum ba ta ƙara wani saurin a zo a gani ba. Kuɗi sun tafi, fankoki na ta kuka, aiki kuwa yana nan jiya-i-yau.

Abin da nake kira kwamfutar manyan ayyuka shi ne injin tebur da aka haɗa don ya ɗauki kaya mai nauyi na sa'o'i ko kwanaki ba tare da tuntuɓe ba: tace bidiyo, fitar da zane mai fuska uku, lissafin injiniyoyi, harhaɗa manyan manhajoji, horar da ƙirƙirarriyar basira. A ido tana kama da kwamfutar masu wasa, har ma sukan yi tarayya a wasu kayan. Inda suka raba gari shi ne abin da kuskure ke jawowa. Mai wasa in injinsa ya tsaya sau ɗaya a wata, zai yi tsaki ya sake kunnawa. Wanda ya bar lissafin awa 30 yana tafiya, ya dawo ya tarar injin ya mutu a awa ta 28, shi kam ya yi asarar kwana biyu, wataƙila har da amincin wanda ya ba shi aikin.

Ina aikinka yake shaƙewa?

Tambayar farko ke nan, kuma amsarta tana cikin tsohuwar kwamfutar da kake neman rabuwa da ita. Buɗe Task Manager in kana kan Windows, ko htop in kana kan Linux, ka saki aikinka mafi nauyi, ka zuba ido. Duk cibiyoyin furosesa ne suka cika, ko guda ɗaya ce ke gumi sauran na hamma? RAM ce ta ƙare har injin ya koma ajiye bayanai a faifai? Ko kuwa katin hoto ne ya kai maƙura? Minti ashirin na wannan kallon sun fi mako guda na karanta jadawalin gwaje-gwajen wasu.

Dalili kuwa, manhajoji ba halinsu ɗaya ba. Harhaɗa babbar manhaja irin Chromium ko ƙwayar Linux aiki ne da ke rarrabuwa, ko cibiya nawa ka ba shi zai samar musu abin yi. Zanen injiniya a AutoCAD ko SolidWorks kuwa, yawancin abin da kake yi da hannu yana tafiya ne a kan cibiya ɗaya, saboda haka furosesa mai cibiya 16 masu zafin nama zai iya barin mai 64 a baya. Blender da DaVinci Resolve sun fi jingina da katin hoto. Lissafin yadda iska ko ruwa ke gudana, irin na OpenFOAM, shi kuma ƙishirwarsa ta saurin ɗebo bayanai daga RAM ce.

A shekarar 1967 Gene Amdahl, wanda ya jagoranci tsara injin System/360 na kamfanin IBM, ya bayyana abin da har yau ake kira dokar Amdahl. Ma'anarta a taƙaice: duk aikin da ke da ɓangaren da ba ya rabuwa, wannan ɓangaren ne zai yanke iyakar saurin da za a samu, ko ma'aikata nawa aka ƙara. Mutum goma ba za su haƙa rijiya ɗaya da saurin ninki goma ba, tunda ƙasan ramin mutum ɗaya yake ɗauka. Mu sa lissafi. A ce kashi 10 cikin ɗari na aikinka dole a yi shi bi-da-bi. Da cibiya 16 za ka samu saurin ninki 6.4. Da cibiya 64 za ka samu kusan ninki 8.8. Ka ninka cibiyoyi sau huɗu, ka biya kuɗin da ya ninka fiye da haka, abin da ka ƙaru da shi bai kai rabi ba. Ko da za a ba ka cibiya dubu, ba za ka haura ninki 10 ba.

Mararrabar da ba a dawowa daga gare ta

Da ka gane inda aikinka ke shaƙewa, sai babban zaɓi, wanda shi ne ke jan ragamar sauran: wane gida za ka shiga? Gidaje biyu ne, kuma kayan wannan ba sa shiga wancan.

Na farko shi ne na gama-gari: soket ɗin (mazaunin furosesa) AM5 na AMD, wanda ya fito a 2022, da LGA 1700 da LGA 1851 na Intel. A nan za ka samu furosesa irin Ryzen 9 7950X ko 9950X masu cibiya 16. Na biyu shi ne gidan manya: Threadripper na AMD a kan soket ɗin sTR5, da Xeon W na Intel a kan LGA 4677. A can ne ake samun Threadripper PRO 7995WX mai cibiya 96 da ya fito a 2023, da Xeon w9-3495X mai 56.

Mutane sukan ɗauka yawan cibiyoyi ne bambancin. Ni a ganina abubuwa biyu da ba a cika rubutawa da manyan baƙaƙe a jikin kwali ba sun fi shi muhimmanci.

Ɗaya shi ne layukan PCIe, wato hanyoyin da furosesa ke magana da katin hoto, da faifan ajiya mai sauri na NVMe, da katin sadarwa. Kowane layi na PCIe 4.0 yana ɗaukar kusan GB 2 a daƙiƙa, na 5.0 kuma kusan GB 4. Furosesan AM5 yana da layi 28, huɗu daga ciki an keɓe su don haɗa shi da sauran babban allon da ake dasa duk kayan a kansa, saura 24. Katin hoto ɗaya zai kwashe 16, faifan NVMe biyu su raba takwas ɗin da suka rage, magana ta ƙare. Duk abin da ka ƙara bayan wannan, ko dai ya bi ta ƙaramar ƙofa ɗaya tare da kebul ɗin USB da sauran tarkace, ko kuma allon ya tsaga layukan katin hoto gida biyu. Shi ya sa za ka ga babban allo, wanda masu gyara ke kira madabod, da ramuka masu tsawo har uku, amma in ka duba littafinsa sai ka tarar na ƙasan layi huɗu kacal aka jona masa. Threadripper PRO kuwa layi 128 yake da su na PCIe 5.0, Xeon W-3400 yana da 112. Wanda zai sa katin hoto uku ko huɗu, ba shi da wata mafita sai can.

Na biyu shi ne magudanan RAM. Gidan gama-gari magudana biyu gare shi, ko da ramukan RAM huɗu ne a allon. Da RAM nau'in DDR5-5600, kowace magudana tana kawo GB 44.8 a daƙiƙa, biyun kusan 90. A allunan Threadripper, TRX50 yana da huɗu, WRX90 yana da takwas, waɗanda a saurin 5200 suke haura GB 330 a daƙiƙa. Ka ƙaddara mutum 64 masu ƙishirwa a gaban famfo biyu, ka ga yadda rabinsu za su tsaya riƙe da kofi suna jira. Wannan ne dalilin da masu lissafin injiniya ke biyan kuɗin WRX90 ba tare da sun yi ƙorafi ba.

Ga hukuncina, kuma na san wasu ba za su so shi ba: mafi yawan masu haɗa injinsu na farko, gidan gama-gari ya ishe su har da saura. Kati ɗaya, faifai biyu ko uku, RAM da ba ta wuce GB 128 ba, me za ka je nema a gidan manya? Can ba furosesa kaɗai ke da tsada ba. Allon ma da tsada, RAM ɗin wata iri ce daban, na'urar sanyaya daban, sau da yawa har gidan kwamfutar sai an nemo babba. Kuɗin da za su tafi a wannan tsallen, in aka zuba su a katin hoto mafi kyau, sun fi amfanar mai tace bidiyo nesa ba kusa ba. Amma in lissafinka ya nuna kana buƙatar layuka ko magudanai, kada ka yi rowa a nan, don babu wani gyara daga baya sai dai sauya allo da furosesa da RAM gaba ɗaya. Ka kuma lura da wani tarko: Threadripper PRO yana hawa allon TRX50, amma wanda ba PRO ba ba ya hawa WRX90, alhali soket ɗinsu ɗaya.

RAM da maganar gyaran kuskure

A nan sabon shiga ya fi ruɗewa, kuma ba laifinsa ba ne, sunayen ne suka yi kama da juna.

RAM mai ECC tana ɗauke da ƙarin ƙwayoyin ajiya da ke ba ta damar gano kuskure. In ɗigon bayani ɗaya ya juye daga sifili zuwa ɗaya, ta gyara shi nan take. In biyu ne, ta gane ta kai rahoto. RAM ta gama-gari ba ta san ma an yi ba. Wani lokaci kuskuren ya faɗa inda ba komai, wani lokaci ya kashe manhaja, mafi muni kuma shi ne ya shige cikin sakamakonka shiru, ka adana shi, ka aika wa mutane. Gwargwadon yawan RAM da tsawon lokacin da injin ke aiki, gwargwadon yadda yiwuwar hakan ke ƙaruwa.

Tarkon shi ne, kowace DDR5 tana da wani ɗan gyaran kuskure a cikin ƙwayar kanta, wasu masu talla kuma sukan rubuta ECC a kanta saboda wannan. Wannan gyaran na cikin gida ne kawai, ba ya kare bayanai a hanyarsu ta zuwa furosesa, ba ya kuma sanar da kai komai. ECC ta gaskiya sai furosesa da allo da sandar RAM duk sun amince. A AM5 ya danganta da allon da ka saya, sai ka karanta littafinsa. A wajen Intel, allo mai W680 shi ke buɗe wannan ƙofar ga furosesan Core na LGA 1700.

Sai kuma bambancin nau'o'in sandar RAM biyu, UDIMM da RDIMM. Gidan gama-gari UDIMM yake ci, TRX50 da WRX90 da W790 na Xeon W kuwa RDIMM kaɗai. A DDR5 tsagar da ke ƙasan sandar ma ba wuri ɗaya take ba, ko ka danna ba za ta shiga ba. Mutane da yawa sun sayi RAM mai ƙyalƙyali ta masu wasa don Threadripper, suka dawo suna neman wanda zai saye ta a hannunsu.

Abu na ƙarshe: a allo mai magudana biyu, cika ramuka huɗu yana rage sauri. AMD da kanta ta rubuta 5200 ga Ryzen 7000 in sanda biyu ce, amma 3600 in huɗu ce. Saboda haka sanda biyu manya sun fi huɗu ƙanana. Ka saye su a kwali ɗaya, ka duba suna cikin jerin waɗanda kamfanin allon ya gwada. Saurin da ke rubuce a jikin kwalin kuma ba ya zuwa da kansa, sai ka kunna saitin XMP ko EXPO a cikin BIOS (manhajar saitin da ke cikin allo), wanda a zahiri tura RAM ne sama da ma'auninta na asali. Ga injin da zai kwana yana lissafi, ban ga aibin barin ta a saurinta na asali ba in gwaji ya nuna ko da ɗan tangarɗa.

Katin hoto: ciki kafin gudu

A katin hoto, abin da ya kamata ka fara dubawa shi ne yawan ma'ajiyarsa. Kati mai jinkiri zai gama aiki a makare. Katin da aikin bai shiga cikinsa ba kuwa, ko dai ya ƙi yi sam, ko ya riƙa jan ƙafa har ka gwammace ba ka fara ba. RTX 4090 na Nvidia yana da GB 24, RTX 5090 yana da 32, RTX 6000 Ada da Radeon Pro W7900 na AMD kowanne yana da 48. Ɗauki misalin mai son gudanar da babbar manhajar harshe mai ma'auni biliyan 70: a cikakkiyar sigarta ta bit 16 tana neman GB 140, in an matse ta zuwa bit 4 tana neman kusan 35, ban da wurin aiki. Ka ga ke nan ko mai 32 bai ɗauke ta shi kaɗai ba.

Katunan ƙwararru sun fi na 'yan wasa tsada ƙwarai, alhali sau da yawa ƙwayar cikinsu dangin juna ce. Abin da ake biya shi ne yawan ma'ajiya mai ECC, da direbobi, wato manhajojin sarrafa katin, da kamfanonin manhajar injiniya suka gwada suka sa hannu, da kuma siffa. Wannan na ƙarshen ba ƙaramin abu ba ne. RTX 6000 Ada kaurin rami biyu gare shi, wat 300 yake ci, fankarsa kuma tana fitar da zafi ta bayan gida kai tsaye, shi ya sa za a iya jera huɗu kafaɗa da kafaɗa. RTX 4090 yana cin wat 450, ya mamaye rami uku ko fiye, ya kuma zubar da zafinsa a cikin gida. Biyu daga cikinsu a jere, na sama numfashin na ƙasa yake shaƙa.

Kafin ka zaɓi kamfani, bincika ko manhajarka ta dogara da CUDA, tsarin sa katin hoto yin lissafi, wanda na Nvidia ne kaɗai. Da yawa daga kayan aikin ƙirƙirarriyar basira da na fitar da zane a kansa aka gina su. Sannan ka ɗauko abin awo. Wasu katunan sun haura santimita 33 a tsawo, kuma ba abin da ya kai takaicin ganin kati ya tokare da fankar gaba da 'yar tazarar da ba ta kai faɗin yatsa ba.

Wuta da zafi

Akwatin wuta shi ne kayan da ba ya ƙara maka sauri ko kaɗan, shi ya sa masu ƙaramin sani suke rage kuɗi a kansa, kuma shi kaɗai ne in ya lalace zai iya tafiya da sauran. Yi lissafi a takarda. Threadripper wat 350, RTX 5090 wat 575, an riga an kai 925 ba a sa allo da RAM da faifai da fankoki ba. Irin wannan injin mai wat 1300 zuwa 1600 ya dace da shi. Ratar ba almubazzaranci ba ce: katunan zamani sukan zabura su ja wuta mai yawa na ɗan ƙiftawar ido, abin da ya sa ma'aunin ATX 3.0 na 2022 ya wajabta wa akwatin wuta mai sabon fulogin katin hoto ya jure ninki biyu na ƙarfinsa na tsawon maikurosakan 100. Tsohon akwati yana iya ɗaukar wannan zaburar a matsayin haɗari ya kashe kansa, kai kuma ka yi ta zargin Windows.

Wannan sabon fulogin, 12VHPWR, yana ɗaukar har wat 600 ta ƙananan filoli. A ƙarshen 2022 aka fara ganin rahotannin narkewarsa a kan RTX 4090, bayanin da Nvidia ta fitar kuma ya danganta yawanci da rashin cusa shi har ƙarshe. Daga baya aka fito da gyararren sa, 12V-2x6, wanda aka gajarta filolin da ke tantance haɗuwa, ta yadda in bai zauna daidai ba katin ba zai ja cikakkiyar wuta ba. Ko wanne ka samu, danna shi har ka ji ƙaras, ka haska fitila ka tabbata babu rata, kada kuma ka lanƙwasa wayar dab da bakinsa.

Wani gargaɗi da nake so ka rubuta a bango: wayoyin akwatin wuta masu cirewa ba a musayar su tsakanin akwati da akwati. Bakin da ke shiga allo ko faifai an daidaita shi a duniya, amma bakin da ke shiga akwatin kowane kamfani da yadda ya tsara nasa, wani lokaci ma samfuri biyu na kamfani ɗaya sun saɓa. Waya za ta shiga lafiya lau, ta kai volt 12 inda ake jiran 5, faifanka ya ƙone da duk abin da ke cikinsa.

Duk wat ɗin da injin ya ci, zafi yake komawa. Injin da ke jan wat 1000 hita ce mai wat 1000 a ƙarƙashin teburinka, kuma na'urar sanyaya ba ta kashe zafi, daga furosesa take kwashe shi ta zuba a ɗaki. Tsakanin mai iska da mai ruwa, ni na fi karkata ga babbar mai iska ga injin aiki, in dai za ta iya ɗaukar furosesan. Abin da zai lalace a jikinta fanka ce kawai, ita kuwa ana gani ana sauyawa, yayin da mai ruwa tana da famfo da zai iya tsayawa ba sallama. Ga Threadripper, nemi wadda aka ƙera domin sa, don murfinsa faffaɗa ne ƙwarai, ƙaramin gindi zai bar gefunan a buɗe. Kada kuma hankalinka ya tashi in ka ga Ryzen 7000 ya kai digiri 95 a aiki mai nauyi, haka aka tsara shi, yana ƙara gudu har sai ya taɓa wannan iyakar.

Ma'ajiya ba ta da wata doguwar magana. NVMe na PCIe 4.0 yana kai kusan GB 7 a daƙiƙa, tsohon tsarin SATA kuwa kusan MB 550 ne iyakarsa. Faifai ɗaya ga Windows ko Linux da manhajoji, wani daban ga aikin da ke hannu, sai manyan faifai masu juyawa ga abin da aka gama. RAID, wato haɗa faifai biyu ko fiye su riƙe bayanai tare, yana kare ka daga mutuwar faifai, amma in ka goge fayil da kuskure, a duka faifan zai goge shi cikin biyayya. Kwafi a wani wuri daban ba shi da madadi.

Ranar haɗawa

Abin mamaki, wannan ce ranar da ta fi sauƙi, in dai an yi zaɓi daidai. Fara a wajen gida: ɗora allon a kan kwalinsa, sa furosesa, RAM, faifai ɗaya, na'urar sanyaya da katin hoto, ka jona wuta ka kunna. In akwai abin da ya zo a mace, gara ka sani yanzu da ka sani bayan ka ɗaure noti talatin ka jera wayoyi. Taɓa ƙarfen da ke haɗe da ƙasa kafin ka ɗauki kowane kaya, ka kuma riƙe su ta gefe.

Wuri ɗaya ne kuskure ba ya gyaruwa: soket. A AM5 da duk na Intel da sTR5, filolin a allo suke, siraran gaske, 1718 a AM5, 4844 a sTR5. Daidaita 'yar alamar kusurwa uku, ka ajiye furosesa a hankali ya zauna da nauyinsa, kada ka danna. Threadripper yana zuwa da sukudirebansa mai auna ƙarfin ɗauri, notin murfin uku ne masu lamba, ana ɗaurewa 1, 2, 3, ana kwancewa 3, 2, 1. In ɗaurin bai yi daidai ba, wasu filolin ba za su taɓa ba, sai ka ga magudanar RAM guda ta ɓace, ka yi ta zargin sandar da ba ta da laifi.

Sauran ƙananan abubuwa ne masu cin rai. Ledar da ke manne a gindin na'urar sanyaya, a cire ta kafin a shafa man ɗaukar zafi. Sanda biyu a allo mai rami huɗu, yawanci rami na biyu da na huɗu daga furosesa ake sa su, amma littafin allo ne alƙali. 'Yan ƙafafun ƙarfen da allo ke zama a kansu cikin gida, kowacce ta dace da ramin noti, don wadda ta tsaya a inda babu rami tana iya haɗa wuta ta ƙasa. Fulogi mai fil takwas na furosesa da mai fil takwas na katin hoto sun yi kama, amma ba ɗaya ba ne. Allunan gidan manya kuma sukan zarce ma'aunin ATX na milimita 305 da 244, wasu faɗinsu ya kai 330, sai a tabbata gidan zai ɗauka tun kafin a saya.

Ka danna maɓalli, fankoki suka tashi, allon kallo baƙi ƙirin. Kada ka taɓa komai. DDR5 tana yin wani gwajin daidaita kanta a tashin farko, yana iya ɗaukar mintuna, in RAM ɗin na da yawa ya fi haka daɗewa. Duba kuma inda ka jona wayar allon kallo: Threadripper da Xeon W ba su da sashen hoto a cikinsu, dole ta katin hoto za a bi. In shirun ya yi yawa, 'yan fitilu ko lambobin da ke jikin allo za su nuna inda aka tsaya. Ni na taɓa ɓata rabin yini ina kwance kaya ina mayarwa, har na fara rubuta takardar mayar da allo, ashe sandar RAM ɗaya ce gefenta ɗaya bai gama shiga ba.

Nan ne kuma za ka gane abin da ka sayar da ka zaɓi haɗawa da kanka. Wanda ya sayi Dell Precision ko HP Z ko Lenovo ThinkStation, in abu ya lalace lamba ɗaya zai kira. Kai garanti bakwai ko takwas gare ka, kowanne na kamfani daban, kuma kai ne za ka gano wane kaya ne mai laifi kafin wani ya saurare ka. Ga wanda cinsa da shansa suka dogara da injin, wannan abin aunawa ne da gaske. Ribar ita ce ka san kowace waya da ke ciki, ranar da wani abu ya tsaya ba za ka ji tsoron buɗewa ba.

Tashin injin ba shi ne gamawa ba. Sabunta BIOS tukuna. In RAM ɗinka ta haura GB 128, ka sani Windows 11 Home a nan ta tsaya, sai Pro, wadda ke kai TB 2. Sannan gwaji: MemTest86, mai gwada RAM, ya kwana yana zagaye, kuskure ko ɗaya ne a ɗauke shi da muhimmanci, a sassauta saurin RAM a sake. Prime95 ko OCCT su matsa wa furosesa na wasu sa'o'i, sannan a haɗa shi da katin hoto lokaci guda, don a nan ne akwatin wuta ke nuna halinsa. Bayan haka ka ɗora masa aikinka na gaske, wancan da ka zuba wa ido a tsohuwar kwamfuta, ka bar shi har safe. Kwalaye da takardun saye a ajiye su har wa'adin mayar da kaya ya wuce. In duk wannan ya tafi lafiya alhali gefen gidan a buɗe yake, mayar da murfin, ka ɗaure, ka tura injin inda zai zauna, ka sake gwajin daga farko, domin iskar da yake samu a tsakiyar tebur ba ita zai samu a lungun bango ba.